Manyanmu da ke kwance a Garwa da waɗanda ƙasar wasu ta rufe

Sani Mai Taya: Slm jama'a barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni kuma don Allah kar a maida ta faɗan jam'iyya. Duk shekara in watan Nuwamba ya zo ƙarshe sai a tada maganar gawar Ahijo, shugaban Kamaru na farko, da ke Dakar, a kawo ta, kar a kawo ta, a yi kwana biyu ana ce-ce-ku-ce a watse. To ni abin da nake so in sani, waɗanda aka binne mana nan Garwa fa, ministoci da 'yan majalisa da manyan gwamnati, wa ya san inda suke kwance, wa ma ya san abin da suka yi? Na tambayi yaran garejinmu wane ne Sadu Hayatu, ɗaya ya ce ai shi ne na ƙwallo. Firaminista guda fa na ƙasar nan, ɗan garin nan.

Garba Direba: Hhhh yaron bai yi nisa ba ai, gida ɗaya ne. Na ƙwallon Isa ne ƙaninsa, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka

Sani Mai Taya: Na sani Yaya Garba, abin da nake nufi kenan. Isa an san shi saboda telebijin, Sadu kuwa shiru.

Baba Ɗanlami: Wa alaikumus salam ɗana Sani. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Sadu Hayatu ɗan Lamido Hayatu ne na Garwa, an haife shi 1942, mutumin banki ne tun asali kafin ya shiga gwamnati ya riƙe noma ya riƙe kuɗi. An ba shi firaminista a watan Afrilu 1991, lokacin da ƙasa ke ci da wuta, lokacin da 'yan adawa suka kira a rufe garuruwa, ba kasuwa ba mota, ku yara ba ku ga wannan ba. Shi ya jagoranci zaman nan na ɓangare uku a Yawunde ƙarshen shekarar, gwamnati da 'yan adawa da masu zaman kansu, daga nan aka samu aka yi zaɓen majalisa na farkon 1992. Shekara ɗaya kacal ya yi a kujerar. Daga baya ya koma BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Ya rasu a Suwizalan a watan Agusta 2019 aka kawo shi gida. Ƙaninsa Alim Garga wanda ya yi Lamido kuma yana cikin gwamnati ɓangaren lafiya, shi kuma 2021. Sai Isa 2024 a Faris ana tsakiyar wasannin Olamfik. Cikin shekara biyar gida ɗaya ya rufe manya uku. Allah ya jiƙansu.

Hajiya Ladi Marwa: Amin ya Allah. Baba ka tuna mana da nisa. Mu nan sama ma muna da namu, Amadu Ali na Kolofata, ya riƙe tsaro ya riƙe shari'a shekara da shekaru har mataimakin firaminista, shi ne wanda 'yan Boko Haram suka shiga gidansa a 2014 suka tafi da matarsa sai bayan wata biyu da ɗoriya aka sako su. Ya rasu 2022 aka kai shi Kolofata. Yanzu ka ce wani ya tashi daga Marwa ya je ziyara can, da wace hanyar, da wane tsaron

Garba Direba: Ni fa duk wannan bai dame ni ba kamar na Ahijo. Ina shiga Najeriya da kaya kullum. Ka je Bauchi ka ga kabarin Tafawa Balewa, an gina wuri an kewaye an ajiye kayansa, 'yan makaranta na zuwa layi layi ana ba su tarihi. Ka je Kano gidan Mambayya, Malam Aminu Kano na nan kwance cikin gidansa an maida wurin cibiyar karatu. Mu kuma mutumin da ya karɓo mana 'yanci ran 1 ga Janairu 1960, ya mulki ƙasa shekara 22, ya sauka da kansa ba wanda ya kore shi, yana can Yof a Dakar bakin teku cikin baƙi tun 1989. Wallahi in 'yan Yola suka yi mini wannan gorin a tasha ba na samun amsa.

Malam Habu: Garba, a hankali. Ƙasa duk ta Allah ce, kuma ƙarshen Suratu Luƙman ya gaya mana rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba. Maƙabartar Yof ta Musulmi ce, an yi masa wanka an yi masa salla an fuskantar da shi alƙibla, me ya rage? Wanda ke kwance a Dakar da wanda ke kwance a Garwa tambaya ɗaya za a yi musu. Wannan gine-gine da kake yabo na Bauchi kuwa ka san an hana gini a kan kabari, hadisin na cikin Muslim.

Garba Direba: Allah gafarta Malam ni ban ce a yi masa hubbare ba, a dai kawo shi kusa da danginsa. Haramun ne a ɗauko gawa?

Malam Habu: Ban ce haramun ba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a canza wa mamaci wuri in akwai maslaha, kamar a kusanto da shi ga iyalinsa ko a ji tsoron ruwa zai cinye kabarin, da sharaɗin ba za a keta masa alfarma ba. Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa da aka binne a Uhudu tare da wani bayan wata shida ya sake masa kabari shi kaɗai, yana cikin Bukhari. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a Aƙiƙ ya rasu aka ɗauko shi zuwa Madina. Don haka ƙofa a buɗe take. Abin da nake tsoro shi ne niyya, domin masu kiran a kawo shi da yawansu ba addu'a ce ta dame su ba, taro suke so da tuta da jawabi da hoto. Mutum ya fi shekara talatin a ƙasa a tono shi don a yi kamfe da ƙasusuwansa, wannan ne ban yarda da shi ba.

Hajiya Ladi Marwa: Malam ka faɗi gaskiya amma ka bar rabi. Matarsa Hajiya Habiba, Jarmen, ta zauna a Dakar fiye da shekara talatin tana gadin kabarin nan, abin da take nema shi ne gwamnati ta kawo shi a matsayin shugaban ƙasa da girmamawar da ta dace, ba iyali su sa shi a akwati su shigo da shi a ɓoye kamar kayan sumoga ba. Shi kuma Biya, wanda ya gaji Ahijo, da aka tambaye shi a France 24 a 2007 cewa ya yi magana ce ta iyali. Nan aka tsaya, wannan ya ce naka ne wancan ya ce naka ne, har ita ma ta rasu a watan Afrilu 2021 aka binne ta kusa da shi. Ni a matsayina na mace abin nan na taɓa ni wlh. Yanzu in za a kawo sai a kawo biyu.

Ɗan Njamena: Sannunku mutanen Kamaru, ku bari maƙwabci ya sa baki. Ranar da matar Ahijo ta rasu, 20 ga Afrilu 2021, ita ce ranar da sojoji suka fito a telebijin suka ce mana Marshal Idris Debi ya mutu, shi ya sa labarinta bai yi ƙara ba ko a wajenku, duk duniya ta juyo Njamena. Debi an yi masa jana'iza a dandalin ƙasa ran 23, Makron ya zo, shugabanni sun zo, aka harba igwa, sannan jirgi ya ɗauke shi zuwa Amjaras can gabas kusa da Sudan aka binne shi a garinsu. Bayan wata huɗu Hisen Habre ya mutu a Dakar yana cikin ɗaurin rai da rai. Kun san inda aka binne shi? Yof. Maƙabarta ɗaya da Ahijonku. Shugaban Kamaru da shugaban Cadi suna maƙwabtaka a can kamar Kusiri da Njamena.

Garba Direba: Kai! wannan ban taɓa sani ba. Amma kar ka haɗa Ahijo da Habre malam, Habre kotu ce ta kama shi da kisan jama'a

Ɗan Njamena: Ban haɗa su ba Yaya, ƙasa ce ta haɗa su. Habre kam an yanke masa hukunci a 2016 a kotun da Tarayyar Afirka ta kafa a Senegal, kuma hukumar bincike ta 1992 ta ƙiyasta mutum 40,000 suka halaka a mulkinsa na shekara takwas. Gwamnatinmu ta ce ba ta hana a kawo gawar ba amma ba za a yi masa wata girmamawa ba. Abin da nake so ku gane, mu a nan ba kabarin Habre ne ke hana tsofaffi barci ba. Akwai fili a bayan gari, Hamral Goz, inda ake kwaso gawarwakin fursunonin DDS, 'yan sandan sirrin Habre, a mota a zuba a rami. Akwai iyayen da har suka mutu ba su san ko ɗansu na ciki ba. Tombalbay ma da aka kashe a juyin mulkin 1975 sai daga baya zamanin Debi aka tono shi aka kai shi garinsu Besada. Shugaba ko ya daɗe ana nemo shi a kai shi gida, talakan da shugaban ya kashe ne ba mai nema.

Rabi'atu Ngaundere: Na gode Kawu Ɗan Njamena, ka buɗe mini ƙofa don tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Ni tarihi nake karanta kuma ina neman afuwar iyayena da ke nan, amma in za a yi maganar kaburbura a yi ta duka. Ruben Um Nyobe, jagoran jam'iyyar UPC mai neman 'yanci, sojojin Faransa suka harbe shi a daji ran 13 ga Satumba 1958, Ahijo na firaminista a lokacin, aka ja gawar a ƙasa aka binne ta a Eseka aka zuba kankare. Felis Mumiye ɗan Fumban, likita, shugaban UPC, ɗan leƙen asirin Faransa ya sa masa guba a Janeba ya mutu a Nuwamba 1960, a Konakiri aka binne shi, shi ma bai dawo gida ba har yau kuma matarsa ta ce da ta je ta tarar an fasa kabarin. Ernes Wandiye, shi ma jagoran UPC, an harbe shi a bainar jama'a a Bafusam ran 15 ga Janairu 1971 da sa hannun gwamnatin Ahijo. A 1962 aka cusa fursunoni cikin taragon jirgin ƙasa na kaya daga Duwala zuwa Yawunde aka rufe, kafin a iso fiye da ashirin sun mutu don rashin iska. Kuma ba sai mun je kudu ba, kurkukun Collire na nan kusa da Rai Buba, can ake kai 'yan siyasa, Mbida firaministan farko ya zauna a ciki, Bishop Ndongmo ma ya zauna. In mun ce a tausaya wa iyalin Ahijo, haka ne a tausaya, amma waɗancan ma 'ya'yan wasu ne.

Garba Direba: Ke Rabi ku 'yan jami'a kullum sai kun ɓata magana. Lokacin yaƙi ne fa, 'yan UPC ɗin nan makamai suka ɗauka suna ƙona ƙauyuka. Da bai yi tsauri ba da mun zama kamar Cadi, ka yi haƙuri Ɗan Njamena

Ɗan Njamena: Ba komai, mun saba 😅

Rabi'atu Ngaundere: Yaya Garba Mbida makami ya ɗauka? Wasiƙa suka rubuta shi da wasu 'yan majalisa uku suka ce ba su yarda da jam'iyya ɗaya ba, aka yi musu shari'a da dokar 1962 ta zagon ƙasa. Kuma dokar Disamba 1991 da ta wanke sunan Ahijo ita ce dai ta wanke Um Nyobe da Mumiye da Wandiye, takarda ɗaya. Ita kanta gwamnati ta haɗa su, ba ni ba.

Malam Habu: 'Yata Rabi'atu, Annabi SAW ya ce kada ku zagi matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. A kiyaye harshe.

Rabi'atu Ngaundere: Allah gafarta Malam ban zagi kowa ba, shekaru na kawo da sunaye. In faɗin abin da shugaba ya yi da mulkinsa zagi ne to ba za a taɓa rubuta tarihi ba kenan, kuma malaman hadisi da kansu sun rubuta wane maƙaryaci ne wane mai gaskiya ne bayan mutuwarsu.

Malam Habu: Wannan kam kin kawo hujja. Ki dai riƙa haɗawa da nema musu gafara.

Baba Ɗanlami: Ku saurara in gaya muku, ni na ga mutumin da idona kuma na ga abin da ya biyo baya. Jikata Rabi ba ki yi ƙarya ba ko ɗaya. A zamanin Ahijo ba ka isa ka yi irin wannan hirar da muke yi ba, ko a shagon mai shayi sai ka duba hagu da dama, sunan Foshibe, shugaban 'yan sandan ciki, kawai in aka ambata sai kowa ya kama bakinsa. Ana zuwa da dare a ɗauki mutum, iyalinsa ba su da bakin tambaya. Wannan gaskiya ne. Kuma maƙwabtanmu Tupuri da Mundang da Masa da mutanen duwatsu suna da nasu ƙorafin, da yawa za su gaya maka sai da mutum ya canza suna kafin ya samu aiki ko sarauta, in ka zauna da tsofaffinsu za ka ji, kar mu yi kamar ba mu sani ba.

Amma shi Garba ma bai yi ƙarya ba. Yaron da ya fara da aikin waya da rediyo a gidan waya, ba ɗan babban gida ba, manyan lamibe ma da farko ba su ɗauke shi komai ba, ya shiga majalisa 1947 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya kafa jam'iyyarsa nan Garwa 1958, ya haɗa kudancin Kamaru ta Ingila da tamu a 1961. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere 1974, da can kaya daga Duwala sai a yi makonni a hanya ko a jira ruwan Binuwai ya cika jiragen ruwa su hauro ta Najeriya. Kamfanin auduga Sodekoton 1974. Dam ɗin Lagdo da 'yan Sin suka gina wanda har yau da wutarsa muke cajin wayoyin da muke zaginsa da su. Filin jirgin sama, filin ƙwallon Rumde Ajiya, babban masallacin Pumpumre. Mutum ɗaya ne ya yi wannan ya yi wancan, ni ban iya raba shi biyu ba.

Abin da ya sa na daɗe ina rubutu shi ne ba wanda ya ambaci 6 ga Afrilu 1984. Ina Yawunde a lokacin a unguwar Birketiri ina sayar da yadi. Da asuba muka ji harbi, sojojin fadar shugaban ƙasa waɗanda yawancinsu 'yan arewa ne sun yi yunƙurin juyin mulki, aka kwana biyu ana ɓarin wuta aka murƙushe su. Abin da ya biyo baya shi ne ba a so a faɗa. Aka shiga kame, soja da jandarma da farar hula, wanda ya sani da wanda bai sani ba, in dai sunanka na arewa ne kana cikin tsoro. Mu 'yan kasuwa sai da muka ajiye manyan riguna muka koma shat da wando. Aka yi shari'ar soja a rufe cikin gaggawa, ran 1 ga Mayu aka harbe gommai a Mbalmayo, aka ƙara wasu a Mfu. Isa Adum shugaban Fonader, asusun raya karkara, na cikinsu. Ba a ba iyalai gawa ba, rami aka haƙa. Akwai gidaje a Garwa da Marwa da Kusiri da Gidar da har yau ba su ga kabarin mai gidansu ba, matan sun yi takaba ba tare da sun ga likkafani ba. Wasu kamar Dakole Daisala aka tsare su shekara bakwai ba shari'a sai da aka yi afuwa a 1991. Ahijo ko banza an san inda yake, an rubuta sunansa, 'ya'yansa na zuwa su yi addu'a. Waɗannan fa? Ni in an tambaye ni wa za a fara kawowa gida, su zan ce.

Sani Mai Taya: Innalillahi. Baba wlh ban taɓa jin wannan dalla dalla haka ba, a lakwal, wato makaranta, layi ɗaya aka ba mu, an yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba, shi ke nan

Hajiya Ladi Marwa: A unguwarmu akwai tsohuwar da mijinta jandarma ne ya tafi aiki ranar bai dawo ba. Ta rasu bara waccan. Duk sallar layya sai ta sa a yi masa addu'a amma ko sau ɗaya ban ji ta ce marigayi ba, sai dai ta ce mai gidan nan. Ba zan faɗi suna ba don 'ya'yanta na nan.

Isiyaku Birketiri: To amma fa a faɗi gaskiya, su ma sun kashe mutane a yunƙurin nasu, sojojin da suka tare su ma sun mutu, farar hula sun mutu. Wanda ya ɗauki bindiga ya nufi fada ya san abin da ke jiransa in bai ci ba. Kuma makonni kaɗan kafin nan an riga an yanke wa Ahijo hukuncin kisa a bayan idonsa a Fabrairu 1984 kan wata makarkashiyar, Biya ya sassauta. Ba haka kawai aka tashi aka tsane shi ba, shi ma bayan ya sauka ya riƙe jam'iyya yana so ya ci gaba da juya ƙasa daga gefe, sarki biyu ba sa zama gari ɗaya

Baba Ɗanlami: Isiyaku ɗana ban ce ba su yi laifi ba, wasu sun yi. Hukunci daban, gawa daban. Ko wanda aka yi wa ƙisasi ana miƙa shi ga danginsa su yi masa sutura, Malam Habu na nan ya gyara mini.

Malam Habu: Haka yake Baba, babu saɓani. Musulmi ko an kashe shi da haddi ana masa wanka da salla a binne shi cikin Musulmi.

Isiyaku Birketiri: Wannan na yarda. Ni dai abin da ba na so shi ne a riƙa nuna kamar an goge sunan mutumin ne gaba ɗaya. Babban filin ƙwallon Yawunde sunan wa yake ɗauke da shi? Babban titin Akwa a Duwala fa?

Garba Direba: Filin ƙwallo ya samu suna mai sunan bai samu taku shida na ƙasa a garinsu ba. Gana fa, Nkuruma juyin mulki aka yi masa ya mutu a Rumaniya 1972 amma suka kawo shi ƙauyensu daga baya ma suka maida shi Akara. Burkina sun sake binne Sankara 2023. Kwango haƙori ɗaya na Lumumba Beljiyam ta maido musu 2022 suka zaga da shi ƙasa. Mu da Mobutu da ke Rabat ne kawai ajinmu ɗaya

Admin Ɗan Hausare: Jama'a ana ta turo mini saƙo ta gefe wai a rufe maganar. Ba zan rufe ba tunda ba wanda ya yi zagi, amma wanda ya turo hoton ɗan takara na goge, nan ba wurin kamfe ba ne. A ci gaba.

Sani Mai Taya: Na gode admin. Ni fa kun ga duk kun gudu Dakar kun bar ni da tambayata 😂 Na ce waɗanda ke nan. Ka shiga maƙabartar garin nan yau, ciyawa ta kai ƙugu da damina, awaki na kiwo, wani gefen katanga ta zube yara sun maida hanya, wasu ma masu gini suna ci daga baki baki. A ciki akwai tsofaffin 'yan majalisa da magadan gari da waɗanda suka yi gwagwarmaya tun zamanin Turawa, kabarinsu tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya ko guntun itace, damina uku ya baje. Muna kukan a kawo mana na Dakar, in an kawo shi nan za mu sa shi?

Malam Habu: Tudun ƙasar nan da ka raina shi ne sunna ɗana. Minista da ɗan dako su kwanta ba a gane wane ne wane. Sa alama kamar dutse don dangi su gane ya halatta, Annabi ya sa dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'un. Amma katanga da share ciyawa da hana dabbobi wannan wajibinmu ne kuma mun gaza, ba sai mun jira meri, ofishin magajin gari, ba.

Rabi'atu Ngaundere: Yaya Sani ni a ganina ba a kabari ake ajiye tarihin mutum ba dama, tunda addininmu bai ba mu damar gina gumaka da rubuce-rubuce ba to sai mu ninka ƙoƙari wajen rubutawa a takarda. Mutanen kudu in babba ya mutu sai an buga ɗan littafi da hotuna da tarihinsa an raba wajen makoki, mu kuwa ana sallar la'asar an rufe shi, addu'ar uku, ta bakwai, ta arba'in, shi ke nan sai abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Sadu Dauda na nan Ngaundere ya riƙe ma'aikatar sojoji kusan shekara ashirin zamanin Ahijo, ka tambayi ɗalibai a jami'ar da ke Dang su gaya maka abu biyu a kansa ka gani. Abin da Baba Ɗanlami ya rubuta ɗazu na 1984 na fi samun bayani a ciki fiye da wasu darussan da na zauna. Baba in ka yarda in na zo hutu in zo da waya in ɗauki muryarka, kai da abokanka da suka rage.

Baba Ɗanlami: Ki zo jikata, amma ki zo da wuri, mu da muke zama a ƙofar masallaci bayan la'asar da mu goma sha ne yanzu ba mu cika benci ɗaya ba. Wasu abubuwan zan faɗa ki rubuta, wasu sai kin kashe wayar.

Ɗan Njamena: In kin gama da su ki haye gadar Ngeli ki zo, muna da tsofaffin da suka fito daga hannun DDS da rai, wasunsu da Hausa za su ba ki labari. Lamaji ma maƙabartarmu cike take da manya da ba wanda ya rubuta komai a kansu.

Garba Direba: Duk na ji amma ni ban sauka daga kan maganata ba, a kawo Ahijo da matarsa Garwa. A kawo na Mbalmayo ma, ban hana ba. Kuɗin jirgi ɗaya ne

Isiyaku Birketiri: Wa zai sa hannu?

Garba Direba: Kai ka fi kusa da su ai, kana Yawunde 😂

Hajiya Ladi Marwa: Ku bar wasa. Sani maganar katangar nan, in da gaske kake ka nemo magini ya auna inda ya zube ya faɗi buhun siminti nawa, a sa a nan kowa ya kawo abin da ya samu ta Orange Money ko MoMo. Ni na ɗauki buhu biyar saboda iyayena na can kwance.

Sani Mai Taya: To Hajiya Allah ya saka. Zan je wajen mai unguwa gobe in an sauko daga Juma'a don kar a ce mun yi gaban kanmu. Masu fartanya da adda kuma Asabar da safe ƙarfe bakwai kafin rana ta yi zafi, a zo da takalmi mai rufi saboda macizai.

Admin Ɗan Hausare: Kuɗi kar a tura wa kowa tukuna sai Sani ya kawo lissafin magini, kuma mutum biyu za su riƙe ba ɗaya ba. Malam Habu da wa?

Garba Direba: Ba ni ba dai, Asabar ina hanyar Mubi